Cinikin Jaki a Tsakiyar Ƙorama

Abin da Marka ta rasa a wannan dare ga shi: baƙin jaki, da igiyarsa, da amfanin yatsu uku na hannun dama. Abin da ta samu kuwa ba ya shiga ƙwarya, ba a ƙulle shi a bakin zane. Amma har gobe in ka ce mata an cuce ta a cinikin, sai ta dube ka sama da ƙasa, ta ce ba a haifi mai cutarta a ciniki ba tukuna.

Ku matso kusa. Wannan ba labarin ɗaga murya ba ne.

Marka matar Nomau ce, mutumin Tungar Giyayya. Shi dako yake yi da jaki, daga ƙauye zuwa kasuwa: hatsi, itace, kanwa, duk abin da aka ɗora masa. Ita kuwa daddawa take sayarwa, kuma babu wanda bai san ta ba. In ka taya kayanta, kafin ka rufe baki ta ce maka, "Albarka." Har ana cewa ko cikin barci aka taɓa ta, abin da take fara faɗa ke nan. Gyara kuwa, sai dai ka gan ta a faifan wata mai daddawar.

Tsakanin Tunga da kasuwa akwai ƙorama. Da rani farin yashi ne shimfiɗe. Da damina ma yawancin kwanaki yashin ne. Amma in aka yi ruwa can kan duwatsun kudu, inda ido ba ya kaiwa, sai ruwan ya taho gaba ɗaya kamar katanga, ba sallama. A nan ya ci Nomau. Ranar sama garau take, ko ɗigo bai sauka a Tunga ba. Jakin, Duna, shi ya dawo gida shi kaɗai, jiƙe sharkaf, yana jan igiya. Maigidan kuwa sai washegari aka tsince shi a saiwoyin tsohuwar giyayyar da ke ƙasa da mashigi.

Nomau mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla. Aibinsa ɗaya: bakinsa a kan jakin nan. Daga ƙofar gida har kasuwa zagi ne. "Wuce, tsinanne! Ɗan banza, ka tsaya kallon uban wa?" Da dare kuma shi zai zauna yana cire masa kaska, yana ba shi dusa a tafin hannu.

Ana zaman makoki, mata cike da tsakar gida, sai Cima, yayar marigayin, ta fyace hanci cikin kuka ta ce, "Ni dai Allah ya sa ba zagin jakin nan ne a bakinsa ba sa'ad da ruwan ya zo."

"Haba Cima!" in ji matan.

Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma maganar ta shiga Marka kamar ƙaya, ta karye a ciki. Liman ya zo gaisuwa, ya gaya mata wanda ruwa ya ci ya yi shahada, ta kwantar da hankalinta. Ta ce, "Na ji, Malam." Ta ji ɗin. Sai dai Marka mace ce da ba ta taɓa karɓar kayan da ba ta buɗe ta gani ba. Duk tsawon takaba, in Duna ya yi kuka a turke, sai ta leƙo ta tsura masa ido. Shi kaɗai ne yake wurin. Shi kaɗai ya ji. Ga shi kuwa dabba.

Tana fita takaba ta ce ba za ta ƙara zama gida ɗaya da shi ba. Ranar kasuwa ta kwance shi, ta naɗe igiyar a tafin hannunta na dama, ta kama hanya. Igiyar ta rama ce, Nomau ya tuƙa ta da hannunsa. Kun dai sani, a ƙasarmu ba a sayar da dabba haɗe da igiya. Mai saye ya zo da tasa. Wanda ya bar igiya ta tafi, arzikin gidansa ya bi ta.

A kasuwar dabbobi ta tarar da Tsalha dillali, wani siriri mai jan baki saboda goro.

"A'a, Gwaggo Marka! Yau kuma jaki? Ina daddawar?"

"Tana gida. Ka nemo mini mai saye, ba mai kallo ba."

Masu saye suka yi ta zuwa. Wannan ya buɗe bakin Duna, wancan ya ɗaga ƙafarsa, wani ya danna gadon bayansa. Kowa ya taya, amsa ɗaya ce.

"Albarka."

"Gwaggo," in ji Tsalha, yana rage murya, "jakin nan fa ya kwana biyu. Dubi haƙoransa."

"Naka ma sun kwana biyu, ban ga an zubar da kai ba."

"Wallahi tayin nan na ƙarshe, ko Malam Nomau ne da ya sallama."

Ta juyo ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. "Kada ka ƙara sa sunansa a bakin ciniki."

Rana ta sunkuya. Mutanen Tunga suka haɗa kayansu, suka kira ta a tafi tare. Ta ce su yi gaba, akwai wani da ya ce zai dawo. Bai dawo ba. Kasuwa ta watse, sai karnuka da ɓawon gyaɗa.

"Ana walƙiya a kudu," in ji Tsalha. Yanzu babu wasa a muryarsa. "Ki kwana gidan ƙanwata, Gwaggo. Da safe kya wuce."

"Ni da ɗakina? Ban kwana gidan kowa."

Ta ja jakinta.

Magariba ta same ta a hanya. Kafin ta kai mashigi duhu ya sauka, sai ɗan hasken wata yana leƙowa ta cikin gajimare. Can kudu walƙiya tana ƙyaftawa, ba tsawa. Ƙorama kuwa ga ta nan kwance, fara fat, busasshiya.

A bakin gaɓa Duna ya toge.

Ta ja. Ya kafe ƙafafu. Ya miƙe kunnuwa gaba. Sannan ya ɗaga kai ya ɓarke da kuka, irin wanda ke fitowa tun daga ciki. Marka ta san abin da manya suka ce a yi in jaki ya yi kuka cikin duhu: a nemi tsari, don yana ganin abin da ba mu gani. Ta sani sarai. Amma ta gaji, ga yunwa, ga haushin kasuwa. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Wuce, tsinanne!"

Sai da ta faɗa ta ji maganar wa ta ara. Ba ta koma ba. Ta fizgi igiya, suka gangara cikin yashi.

Sun kai tsakiya ta gan shi. Mutum ne zaune, da farar riga, ya ba ta baya. Da tana kan gaɓa ba ta ga kowa ba.

"Salamu alaikum," in ji ta.

"Sannu da hanya, matar Nomau."

Bai amsa sallamar ba. Muryar kuma ba daga wajensa ta zo ba. Daga ƙasa ta taso. A tafin ƙafarta ta fara jin ta kafin ta kai kunne.

Ya miƙe. Dogo ne. Fuskar ba ta da wani aibi, sai dai in ka kau da ido ba ka iya tuna ta.

"Jakin na sayarwa ne?"

Nan ne ya kamata ta wuce. Amma tun da aka haifi Marka ba a taɓa tambayar kuɗin kayanta ta yi shiru ba.

"In da mai saye."

Ya zagaya Duna. Bai buɗe masa baki ba, bai taɓa shi ba. Jakin sai rawa yake yi kamar mai zazzaɓi. Mutumin ya taya. Tayin ya fi duk abin da aka ambata a kasuwa, nesa ba kusa ba.

"Albarka," in ji bakinta, tun zuciyarta ba ta gama lissafi ba.

Ya ƙara kaɗan.

"Albarka."

Ya sake ƙara kaɗan. A hankali yake yi, kamar wanda ba inda za shi. In ta motsa ƙafa, ya ƙara. In ta tsaya, ya yi shiru yana kallon jakin.

Wata iska mai sanyi ta biyo ƙoramar daga kudu. Ta zo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kwaɗin da ke kuka a gaɓa suka ɗauke gaba ɗaya.

A lokacin ne ta dubi ƙasa. Bakin rigarsa yana ɗiga. Ɗis. Ɗis. Ga yashi a bushe. Ƙafafunsa kuwa ba ta ga yatsu ba, sun nutse har idon sawu kamar tsiro. Duk inda ya ɗaga ƙafa, ramin sai ya cika da baƙin ruwa.

Ta ƙara naɗe igiya a hannu.

"Na fasa. Ba na ciniki da dare."

"To a bar zancen kuɗi," in ji muryar, daga ƙarƙashinta. "In biya ki da abin da kike nema."

"Me nake nema?"

"Ina nan ranar. Inda kike tsaye, nan yake tsaye. Na ji abin da ya faɗa na ƙarshe."

Marka ta tsaya cak.

Jama'a, da zinariya ya zuba mata da ta tsallake. Amma wannan? Watanni tana kwana da tambayar nan, tana tashi da ita.

"Faɗa," ta ce.

"Sallama tukuna. Jaki da igiya."

"Jaki dai. Ba a haɗawa da igiya, yaro ma ya sani."

"Da igiya."

"Albarka."

Kun ji fa. A tsakiyar ƙorama, gaban abin da ta riga ta gane ba mutum ba ne.

Can nesa wani gunji ya fara, ƙasa-ƙasa, kamar babbar mota tana hawan tudu. Babu hanyar mota a wannan gefen. Wani abu mai sanyi ya taɓa yatsun ƙafarta. Kumfa ce, da ƙirare, da busasshen ganye, suna tafe a kan yashi a hankali. Duna ya fizga. Ta riƙe.

"Buɗe mini bakin kayan in gani," ta ce. "Ban taɓa sayen abu a rufe ba. Faɗi farkon maganar."

Ya yi murmushi. Ya buɗe baki. Abin da ya fito muryar Nomau ce, ba ragi, har da 'yar dusashewar nan tasa ta mai yawan tsawa.

"Duna! Fita! Fita, na sake ka, yi gaba!"

Ashe shi ya kori jakin. Ashe shi ya saki igiyar.

"Sai me? Bayan nan me ya ce?"

"Ya ce..."

Bakin ya karkace.

"Ya ce..."

Maƙogwaronsa ya kumbura kamar na kwaɗo, ya sace, ya sake kumbura. Ya yi kakari irin na wanda ƙashi ya tsaya wa a wuya. Babu abin da ya fito.

"Sallama tukuna!" Muryar ta canza, ta zama siririya, mai kaifi. "Sallama!"

Marka ta tsufa a kasuwa. Ta san idon mai kayan da yake matsa maka ka biya don ba zai iya fito da kayan ba. Abin nan ya kwaikwayi muryar mijinta har numfashinsa. Da zagi ne ya biyo baya, ai da ya zazzage mata shi yana dariya. To wace magana ce za ta maƙale a wuyan irin wannan halitta?

Ba ta kai ƙarshen tunanin ba. Gunjin ya cika duniya. Ta waiga kudu, ta ga kan ruwan: baƙi, ya fi ta tsawo, da itatuwa a bakinsa yana juya su.

Abin nan bai ko waiga ba. Ya matso da fuskarsa kusa da tata, ya ce a hankali, "Na ninka miki tayin farko, matar Nomau. Me kika ce?"

Sai ta ji kalmar ta taso da kanta. Ta riga ta hau harshe. "Al..."

Ta datse haƙora.

Nan ta gane. Ba jaki yake so ba. Ba igiya ba. So yake ruwan ya same ta da ciniki a baki.

Ta nemi Kalmar Shahada. Wallahi ta neme ta. Kalmar da aka fara raɗa mata a kunne, wadda take faɗa a kowace salla tun tana 'yar yarinya. Babu. Kanta ya zama kamar ƙwaryar da aka kife aka kakkaɓe. Ba abin da ke yawo ciki sai tayi da ƙari, tayi da ƙari.

Ruwan ya buge ta.

Ba ta san sama ba, ba ta san ƙasa ba. Yashi a baki, yashi a ido. Duna ya yi gaba, igiyar ta miƙe, tana jan ta ƙasa ta hannun dama. Ita kuwa ta dunƙule hannun tamau. Ko a cikin ruwan ba ta saki ba. Ƙirjinta kamar zai tsage. Wani abu ya daki haƙarƙarinta. Ta ce a ranta, shi ke nan, ga ta nan ta zo, ni kuwa ba komai a bakina.

Sai bakin nan ya faɗo mata a rai. Yadda ya karkace. Yadda wuyan ya kumbura. Me ya kasa faɗa? Me Nomau ya ce a nan, wanda ya gagari abin nan?

Kamar an ɗage labule.

Jikinta ya riga harshenta. Manuniyarta ta dama ta nemi miƙewa, yadda ta saba a zaman tahiya. Amma hannun a dunƙule yake kan igiya. Ba yadda yatsan zai tashi sai ta buɗe.

Ta buɗe.

Igiyar ta zare da ƙarfi, ta bi ta kan sauran yatsun kamar wuƙa, ta ji ƙas, ƙas. Ruwan ya cilla ta sama. Kanta ya fito. Numfashi ɗaya ta samu, rabinsa iska rabinsa laka, ta kashe shi duka a kai.

"La'ilaha illallahu, Muhammadur Rasulullahi!"

Ta ce ta ji wata ƙara a bayanta, irin ta jan ƙarfe in maƙeri ya tsoma shi a ruwa. Daga nan ba ta ƙara sanin komai ba.

Masu ɗiban yashi ne suka tsince ta da hantsi, a saiwoyin giyayyar nan. Ita dai wannan giyayyar. Zanenta ya sarƙe a saiwa, kanta yana sama da ruwa kaɗan. Sun ɗauka gawa ce, sai suka ga leɓɓanta suna motsi. Muryar ta tafi, amma ba ta daina ba. Duna kuwa ba a ƙara ganinsa ba, ko ƙashinsa.

Mai ɗori ya yi iya yinsa. Yatsu ukun suka warke a lanƙwashe, sun manne da tafin hannu, ba sa buɗuwa. Manuniya kaɗai ta tsaya a miƙe. Haka hannun yake har yau, ko tana barci.

Da ta fara tashi zaune, Cima ta zo dubiya da ɗan kunu. Marka ta bari ta zauna, sannan ta ce, "Yaya, ya faɗa."

"Wa?"

"Ƙaninki. Ya cika da Kalmar Shahada."

Cima ta ajiye kwanon. "Wa ya gaya miki?"

"Wanda ya kasa faɗa."

Da labarin ya kai kunnen liman, ya zo da kansa. Ya ce ba a karɓar shaidar irin waɗannan, maƙaryata ne, ko shirunsu ma yana iya zama tarko. Yadda bawa ya cika, Allah kaɗai ya sani. Ta yi ta yi masa addu'a, ya fi. Ta ce, "Na ji, Malam." Wannan karon ba ta ɗaga kai ba.

Kada ku ɗauka ta samu kwanciyar hankali. Wani dare takan farka ta zauna, tana juya abin: ko dai wasa ya yi da ita har a wannan? Babu mai ba ta amsa. Abin da ya fi damunta ma ba shi ba ne. Harshenta ne. Ta ga da idonta cewa sanin kalma daban, samunta a baki lokacin da ƙasa ta kife daban. Tun daga nan take horar da shi kamar ɗan maraƙi. In tukunya ta suɓuce, in ta yi tuntuɓe, in an yi tsawa, sai ta kasa kunne ta ji me zai riga fitowa. Wata rana Kalmar ce. Wata rana kuwa tsohon halin ne yake riga, zagi ko salatin banza. Ranar da haka ta faru ba ta cin abincin dare. Za ka gan ta a ƙofar ɗaki, tana kallon hannun nan, leɓɓanta suna motsi.

Saboda haka ku ji da kyau. Kada ɗayanku ya bi mashigin nan shi kaɗai in rana ta faɗi, ko da yashin ya bushe kamar gari. In jaki ya toge, ku toge. In kuwa wani ya tsayar da ku a tsakiya ya tambayi kuɗin abin da kuke ɗauke da shi, kada ku tanka. Ko "albarka" kada ku ce. Ku sa Kalmar a baki tun daga wannan gaɓa, kada ku ajiye ta sai kun hau waccan.

Bayan kaka Marka ta koma kasuwa da faifan daddawarta. Da hagu take ƙirga wa mutane yanzu, kuma har yau ba ta gyara. Tsalha ya hango ta, ya zo ya durƙusa ya yi mata barka. Da ya ga ta ɗan saki fuska, halin ya motsa.

"To Gwaggo, ashe dai an rabu da Duna. Ni da na wuni ina fama, ko la'ada ban gani ba. Nawa kika sallama?"

Marka ta gyara zaman faifanta. Sannan ta fito da hannun daga cikin mayafi, ta ɗaga shi a gaban idonsa.

"Jaki, da igiya, da yatsu uku," ta ce. "A kan La'ilaha illallahu, Muhammadur Rasulullahi, sau ɗaya, da numfashi ɗaya. A haka na sallama."